Baguan: Kalmar Da Ta Ci Marubuci

Ranar 25 ga Yulin 2023 hukumomin ƙasar Sin suka sanar da cewa an raba Qin Gang da kujerar ministan harkokin waje, an mayar da Wang Yi wanda ya riƙe ta kafinsa. A lokacin Qin ya yi wata guda cur ba a gan shi a bainar jama'a ba, kuma sanarwar ba ta faɗi dalili ba. Duk mai fassara irin wannan labari zuwa Hausa dole ya zaɓi kalma: an kore shi ne, ko an tsige shi, ko an sauke shi, ko an sallame shi, ko kuwa an tuɓe shi? Mu masu harshen mun san waɗannan ba ɗaya suke ba. Wanda aka sallama yana iya ratsa kasuwa kansa a miƙe, wanda aka kora kuwa sai dai ya riƙa bin lungu.

Sinanci ma yana da irin wannan jerin kalmomi, kuma Sinawa sun fi mu tsantseni wajen zaɓensu, domin tarihinsu ya koya musu cewa kalmar da aka sauke mutum da ita tana iya zama takardar tuhuma. A wannan sharhi ina so mu dubi ɗaya daga cikinsu, wato baguan (罢官, ana furta ta kamar "ba-gwan"), da kuma wasan kwaikwayon da ya ɗauke ta a sunansa, Hai Rui Baguan na Wu Han. Kalmar tsohuwa ce, ba ta cikin dokokin aikin gwamnati na yau, amma a kanta aka kunna wutar Juyin Juya Halin Al'adu, kuma a kanta marubucin ya rasa ransa.

Abin da kalmar ta ƙunsa

Gaɓa biyu ce. Guan shi ne ma'aikacin sarauta, mai riƙe da hatimin hukuma. Ba kuwa asalin ma'anarta tsayarwa ce, a dakatar da abu, a ce ya isa haka. Da ita ake gina bagong, yajin aikin ma'aikata, da bake, ƙaurace wa aji da ɗalibai ke yi, da bashi, rufe kasuwa don nuna fushi. Idan talaka ya yi ba, ya ajiye aiki ke nan. Idan sarki ya yi wa guan ɗinsa ba, ya karɓe hatimi ya ce masa koma gida.

A tsohon rubutu, kafin a sauƙaƙa haruffan Sinanci a ƙarni na 20, harafin ba (罷) hoton raga ne a sama, a ƙarƙashinta kuma alamar iyawa. Xu Shen, wanda ya tsara ƙamus ɗin Shuowen Jiezi wajen shekara ta 100 miladiyya, ya fassara shi da mutum mai hazaƙa da ya faɗa ragar shari'a, aka yi masa afuwa aka sake shi ya tafi. Ko masana asalin haruffa na yau sun yarda da wannan ko ba su yarda ba, shi ne abin da malaman Sin suka yi ƙarni bayan ƙarni suna karantawa. Tun daga tushe ke nan kalmar ba ta yanke wa wanda aka sauke hukuncin banza ba. Ta bar ƙofa a buɗe a tambayi wanda ya ɗana ragar.

Adabin ƙasar ya ƙara faɗaɗa wannan ƙofa. Manyan marubutan Sin na da, akasarinsu ma'aikatan sarauta ne, kuma da yawansu sun ɗanɗana fushin fada. Qu Yuan na ƙasar Chu an nesanta shi daga sarki har ya faɗa kogi. Han Yu an tura shi Chaozhou a 819 saboda wasiƙar da ya rubuta wa sarki. Su Shi an kai shi Huangzhou a 1080, daga baya har tsibirin Hainan a 1097. Su da ire-irensu suka rubuta waƙoƙin da yaran makaranta ke haddacewa, saboda haka mai karatun Sinanci ya tashi da sabon tausaya wa wanda aka raba da muƙami. Da ya ji baguan, abin da ke fara zuwa ransa shi ne mutumin kirki da fadawa suka yi wa ƙulli.

A gwada ta da ƴan uwanta. Gezhi ta zamanin daular Qing ce, kuma ge asalinta fatar da aka feɗe, don haka hukunci ne tsirara. Da ita aka raba Lin Zexu da muƙaminsa a 1840, bayan ya lalata hodar opium ta fataken Ingila, daga baya aka tura shi Ili a can yamma mai nisa. Chezhi hukunci ce a dokar ma'aikatan gwamnati ta yanzu, ɗaya daga matakai shida da suka fara daga gargaɗi suka ƙare a kora baki ɗaya, kuma wanda aka yi wa ita yakan yi wata 24 a ƙarƙashin horo. Bamian ita ce tsigewa ta hanyar ƙuri'a, irin wadda mutanen Kaohsiung a Taiwan suka yi wa magajin garinsu Han Kuo-yu a Yunin 2020. Shuangkai kalmar baka ce, kora biyu, daga jam'iyya da kuma daga aikin gwamnati, kamar yadda aka yi wa Bo Xilai a 2012 kafin a ɗaure shi rai da rai a 2013.

Sai mianzhi, wadda ita ce ta shafi Qin Gang. Wannan ba hukunci ba ce. Da ita ake sauke wanda ya tsufa, da wanda za a ƙara wa girma, da wanda ake shirin kamawa. Meng Xuenong ya bar kujerar magajin garin Beijing a Afrilun 2003 saboda yadda aka tafiyar da annobar SARS, amma a 2007 sai ga shi gwamnan lardin Shanxi. Li Shangfu kuwa an sauke shi daga ministan tsaro a Oktoban 2023, a Yunin 2024 aka kore shi daga jam'iyya bisa zargin cin hanci. Lokacin saukewa ba mai iya gane wanne ne zai dawo. Mianzhi kalma ce da aka wanke ta har ba ta da ƙanshi ba ta da wari, kuma amfaninta ga hukuma ke nan.

Hai Rui na tarihi

Hai Rui an haife shi a tsibirin Hainan a 1514, ya rasu a Nanjing a 1587. Ma'aikacin daular Ming ne da ya yi suna wajen tsantsar gaskiya da taurin kai. Tarihin daular ya kawo cewa ranar da ya sayi ɗan nama don bikin haihuwar mahaifiyarsa, abin sai da ya zama labari a tsakanin manya, saboda ba a saba ganinsa da nama ba. Da ya mutu, karo-karo aka yi aka yi masa jana'iza.

Abubuwa biyu ne a rayuwarsa ake yawan cakuɗawa, kuma raba su yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Na farko, a farkon 1566 ya miƙa wa Sarki Jiajing wasiƙa yana zarginsa da watsi da mulki da bin bokayen neman tsawon rai. Sai da ya sayi akwatin gawarsa ya yi bankwana da iyalinsa kafin ya miƙa ta. Aka jefa shi kurkuku, mutuwar sarkin ce ta fito da shi. Na biyu, a 1569, zamanin Sarki Longqing, aka naɗa shi gwamnan Yingtian, yankin da ya haɗa da Suzhou da Songjiang, inda manyan masu gonaki suke. Ya tilasta musu mayar wa manoma filayen da suka haɗiye, har da gidan Xu Jie, tsohon waziri wanda ya taimaka wajen ceton ransa a baya. Bai cika shekara ba wani mai sa ido na fada, Dai Fengxiang, ya kai ƙararsa, aka ɗauke shi daga kujerar a 1570.

Yadda aka ɗauke shi abin lura ne. Fada ba ta ce ta tuɓe shi ba. Canja masa aiki aka yi zuwa kula da rumbunan hatsi a Nanjing, sannan aka haɗe wannan ofishi da wani, ya wayi gari ba kujera, sai ya ce ba shi da lafiya ya koma Hainan. Ya yi kimanin shekara 15 a gida kafin a sake kiransa a 1585. Ashe tun a ƙarni na 16 masu mulki sun san yadda ake sauke mutum ba tare da an kira abin da sunansa ba.

Wasan da sunansa

Wu Han masanin tarihin daular Ming ne, kuma mataimakin magajin garin Beijing. A Afrilun 1959, a wani taron jam'iyya a Shanghai, Mao Zedong da kansa ya yabi Hai Rui, ya ce wa jami'ai su yi koyi da ƙarfin halinsa su riƙa faɗin gaskiya. Wu Han ya amsa kira, a watan Yuni ya buga maƙala a jaridar People's Daily kan yadda Hai Rui ya zagi sarki. Wata guda bayan haka, a taron Lushan, ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa ranar 14 ga Yuli yana nuna kurakuran shirin Babban Tsalle, wanda ke gab da jefa ƙasar cikin yunwar da ta ci miliyoyin mutane. Aka la'anci Peng, aka raba shi da kujerarsa, aka ba Lin Biao. Wu Han ya ga inda iska ta kaɗa, a maƙalarsa ta gaba ya sa sakin layi yana sukar masu ra'ayin dama da ke riya cewa su ne Hai Rui.

Shahararren ɗan wasan opera na Beijing, Ma Lianliang, shi ya roƙe shi ya mayar da labarin wasa. Wu Han ya yi ta gyara har sau bakwai, kuma shi da kansa ya amsa cewa shi ba masanin wasan kwaikwayo ba ne. Sunan farko Hai Rui ne kawai. Abokinsa Cai Xitao, masanin tsirrai, shi ya ce tunda wasan bai ɗauki rayuwar mutumin duka ba, a ƙara baguan. Aka fara nuna shi a Beijing a farkon 1961.

A matsayin adabi, wasan ba gagara-badau ba ne. Ɗan Xu Jie ya ƙwace gonar manomi, ya sace yarinya, alƙalin da ya ci hanci ya sa an doke kakanta har lahira. Hai Rui ya iso, ya sake shari'a, ya yanke wa ɗan wazirin hukuncin kisa. Mugaye a wasan mugaye ne tun daga hula har takalmi, nagari kuma ba su da ko tabo. Manoman ba sa yin komai sai kuka da jiran mai ceto. Hai Rui na tarihi, mai tsanani da wuyar zama, wanda abokan aikinsa ke tsoro fiye da ƙauna, ya fi na dandamali ban sha'awa nesa ba kusa ba. Kisan ɗan wazirin ma ƙari ne, a tarihi ba a yi shi ba.

Wuri ɗaya wasan ya tashi tsaye, wato ƙarshensa. Sabon gwamna ya iso da umarnin sarki yana neman hatimi, Hai Rui ya ƙi miƙawa sai da aka zartar da hukuncin, sannan ya ɗaga hatimin ya bayar. Mai kallo yana fita ne da hoton mutumin da ya yi daidai kuma aka raba shi da aiki saboda ya yi daidai. Sunan wasan ya riga ya gaya masa tun a bakin ƙofa cewa haka za ta ƙare, don haka duk nasarar da Hai Rui ya samu a tsakiya, mai kallo yana ganinta da sanin farashinta. Shawarar Cai Xitao, a ma'aunin adabi, ita ce gyara mafi kyau da aka yi wa wasan.

Sharhi biyu

Ranar 10 ga Nuwamban 1965 jaridar Wenhui Bao ta Shanghai ta buga dogon sharhin Yao Wenyuan kan wasan, wanda aka shirya a asirce da hannun Jiang Qing, matar Mao. Yao ya faɗi wasu abubuwa da ke da ƙamshin gaskiya: cewa an ƙawata Hai Rui fiye da kima, cewa an mayar da manoma ƴan kallo. Daga nan sai ya yi tsalle. Ya ce mayar da gonaki a wasan gugar zana ce ga gonakin haɗin gwiwa, sake shari'a kuma kira ne a wanke waɗanda jam'iyya ta hukunta. Bai ambaci Peng Dehuai ba, bai kuma tsaya a kan sunan wasan ba.

Mao ne ya tsaya a kansa. A Disamban 1965, a Hangzhou, ya gaya wa wasu na kusa da shi cewa sharhin Yao ya yi kyau amma bai soki inda ya kamata ba. Makasar wasan, a cewarsa, ita ce baguan: Sarki Jiajing ya tuɓe Hai Rui, su kuma sun tuɓe Peng Dehuai a 1959, saboda haka Peng ne Hai Rui.

A nan mai nazari ya kamata ya dakata. Wasan bai faru a zamanin Jiajing ba. Labarin 1569 zuwa 1570 ne, Jiajing ya riga ya mutu, Longqing ne a kan karaga, kuma rigimar ta gonaki ce tsakanin gwamna da masu ƙasa, babu wasiƙar zagin sarki a ciki. Mao, wanda ya san tarihin Ming sarai, ya ɗauki sarkin labari na farko ya dasa shi a labari na biyu, domin a na farkon ne ake da wasiƙa da shugaba mai fushi, kamar a Lushan. Wasan da ya yi wa sharhi a Hangzhou ba shi ne wanda Wu Han ya rubuta ba. Kalmar da ke kan allon suna ce ta kira masa abin da ke ransa, kuma Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ba ina cewa Wu Han jariri ne ba. Ya rubuta wasan bayan Lushan, ya ƙarasa shi ana tsakiyar yunwa, kuma masanin tarihi irinsa ya san al'adar malaman ƙasarsa ta nuna sarkin da da yatsa don a ji a jikin na yanzu. Mai kallo a Beijing ta 1961 da ya tuna da Peng bai yi laifin karatu ba. Sai dai tsakanin a ce wasa yana tuna wa mutum wani abu da a ce marubucinsa ya ƙulla makirci da wanda aka tuɓe akwai rata mai faɗi, kuma cike ta yana buƙatar hujja daga wajen rubutun. Ba a kawo ta ba. Abin da tarihi ya nuna shi ne Mao ya fara kiran sunan Hai Rui, Wu Han ya bi, wani masanin tsirrai ya ba da suna.

Peng Zhen, magajin garin Beijing, ya yi ƙoƙarin tsare maganar a matsayin muhawarar ilimi, a Mayun 1966 shi ma ya faɗi. Daga nan baguan ta fita titi, Jajayen Dakaru suka riƙa rubuta ta a manyan takardun bango suna neman a tuɓe wannan a tuɓe wancan. Suka je Hainan suka farfasa kabarin Hai Rui. Ma Lianliang ya mutu a Disamban 1966 bayan an wulaƙanta shi. Wu Han ya mutu a kurkuku a Oktoban 1969, matarsa ta riga shi da ƴan watanni. Peng Dehuai ya mutu a tsare a 1974. An wanke Peng a 1978, Wu Han a 1979, shi kuwa Yao Wenyuan an yanke masa ɗaurin shekara 20 a 1981.

Yaya za mu ce da Hausa?

Idan za a fassara sunan wasan, An Kori Hai Rui kuskure ne, domin kora a kunnenmu tana ɗora laifi a kan korarre. An Tsige Hai Rui ma bai yi ba, tsigewa a Hausar rediyo ta zama ta majalisa da ƙuri'a, ita ce takwarar bamian. Murabus ɗin Hai Rui ya yi kusa da abin da takardun fada suka nuna, tunda shi ya ce ba shi da lafiya, kuma mun san sau nawa ake kiran tilas da sunan murabus, amma ya kauce wa abin da Wu Han ya zaɓa. Tuɓe Hai Rui ya fi dacewa. A wurinmu rawani ake tuɓewa, a wurinsu ma'aikacin Ming baƙar hula yake sawa mai suna wushamao, kuma har yau Basine idan ya ce wane ya rasa wushamao, nufinsa ya rasa muƙami. Sannan tuɓewa, kamar baguan, tana sa mai ji ya tambayi wa ya tuɓe shi, kuma a kan me. Mianzhi kuwa saukewa ce kurum, kuma mai fassara labarin Qin Gang da ya ce an kore shi ya faɗi abin da sanarwar ta yi taka-tsantsan ta ƙi faɗa.

Darasi na biyu namu ne, masu rubuta sharhi. Habaici da zambo da hannunka-mai-sanda tsofaffin kayan aiki ne a adabinmu, kuma gano su a cikin waƙa ko littafi yana daga daɗin karatu. Amma a ƙasashen da ake tuɓe mutane ba bayani, cewa "wane da wane yake" ba wasa ba ne, yana iya kai marubuci gaban hukuma. Kafin mai sharhi ya furta haka, wajibi ne ya koma ga rubutun ya duba wane zamani ne, wane sarki ne, me aka faɗa, me shi ya shigo da shi daga aljihunsa. Yao ya karanta wasan yana neman abin kamawa, Mao ya tsaya a kan suna, kuma da ɗayansu ya yi wa rubutun adalcin da Hai Rui na wasan ya yi wa ƙarar manomi, da ya ga Jiajing ba ya ciki. Allah Ya sa alƙalaminmu kada ya zama sanadin cutar da wani.